Gayyar Malam Rabe

A rumfar Zinariya mai fura, ranar kasuwar Kurfi, muka ƙulla da Malam Rabe. Shekarar da aka samu mulkin kai ce, rani ya raba tsakiya. Ni zan tara mashi mutanen da za su tayar da ginin makaranta a ƙauyenmu Tudun Gawo kafin ruwa ya sauka. Shi kuma zai kafa makarantar a gonata ta bayan gida. Ba son boko ne ya kama ni da tsufa ba. Na dai san duk inda En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta buɗe makaranta sai ta haƙa rijiyar siminti a gefenta, ni kuwa dillalin shanu ne, fatake a gidana suke sauka da dabbobinsu, kuma kowane rani a kan ruwa muke ɓatawa da su.

"Ka yarda, Malam?"

"Na yarda, Baba Labaran."

"To kawo hannu. Zinariya, ke ce shaida."

Zinariya ta ce ita dama fura ta fito yi ba alƙalanci ba, amma kunnenta ya ji.

Rabe ɗan abokina ne. Da ni da ubansa, Allah ya jiƙansa, muka yi fataucin goro tun ana kora jakai zuwa Gwanja. Shekararsa tara yana koyarwa a elementare ta Kurfi, kuma kowa ya shaida ya iya. Yaron da ya shiga ajinsa bai san baƙi ba, kafin kaka yana karanta wa ubansa wasiƙa. Amma malamai biyu da suka fara aiki a bayansa sun zama hedimasta, shi yana nan da alli a hannu. Da abin ya ishe shi ya hau keke ya tafi Dutsin-Ma, ya sami Malam Mahmuda, mai duba makarantun ƙasarmu, ya tambaye shi laifinsa. Malam Mahmuda ya ce a cikin aji ba shi da laifi ko ɗaya. Sai dai hedimasta ba yara kaɗai yake riƙewa ba, yana riƙe iyayensu, da dagaci, da liman, da maƙwabcin da akuyarsa ke shiga lambun makaranta, shi kuwa bai taɓa ganin Rabe ya tara manya uku sun yi abu ɗaya ba.

Daga nan ya ba shi gwaji. Za a buɗe sabuwar makaranta a Tudun Gawo, tsakanin Rawayau da Ɗantutture. En'e za ta kawo kwano da ƙofa da taga, ta aiko kafinta, ta haƙa rijiya. Bango kuwa na mutanen gari ne. Ya sa mashi mako bakwai. In ya zo ya tarar da aji a tsaye da rufinsa, Rabe ne hedimasta. In bai tarar ba a ba wani, shi ya koma aji biyu, kuma kada ya sake zuwa mashi da wannan magana.

Kafin ya zo wurina ya riga ya ɓata mako guda. Takarda ya rubuta, ya sa aka karanta a ƙofar dagaci, cewa duk namiji mai lafiya ya hallara ranar kaza da ƙarfe bakwai da rabi. Ranar ya iso a kan keke, da rajista a hammata, da ƙararrawar makaranta a hannu. Mutanenmu kuwa ba su manta da aikin hanya na tilas ba, wanda ake rubuta sunan mutum a tafi da shi wata guda. Jin takarda da rajista, tun da asuba samari suka bazu daji. Tsofaffi uku suka zo, su ma keken suka zo kallo.

Don haka washegarin ƙullawarmu da keken na fara. Na ce a bakin gari ake sauka a tura. Rajista da fensir da ƙararrawa na karɓe, na miƙa wa Fatu matata ta tura su ƙarƙashin gado. Na ce mashi abin da yake nema ba umarni ke kawo shi ba, gayya ce. Gayya kuwa roƙo ce. Kai mai aiki ka bi mutane gida gida da goro, ka nemi Sarkin Noma ya kira maka samari, ka gayyaci makaɗa, ka tanadi fura da tuwo, a zo a yi maka a yini ɗaya abin da za ka yi wata biyu kana fama da shi. Ba a rubuta sunan kowa, ba a tsawata wa kowa, kuma wanda ya makara ana yi mashi sannu da zuwa.

Muka fara da liman, aka daidaita cewa yara za su tashi kafin azahar su tafi allo. Muka je wa dagaci. Sannan muka nufi babban aikin, Sarkin Noma Tukur, mutumin da in ya ce samari su fito za su fito, in ya yi shiru ko dagaci bai isa ba. A hanya na gargaɗi Malam cewa yau gaisuwa ce kawai, gobe ma gaisuwa, kada maganar makaranta ta fito daga bakinsa sai na taka mashi ƙafa.

Ban taɓa ganin mutum ya sha wuyar shiru kamar Malam Rabe ba. Ga shi zaune a ƙasa da farar riga, zufa na bin wuyansa, magana cike da bakinsa, Tukur kuwa yana ta labarin gwiwarsa da geron bara da ɓarnar gwazarma. Sau biyu ya buɗe baki na harare shi. A rana ta uku na taka shi, ya faɗi abin da na koya mashi.

"Sarkin Noma, in kai aka ɗora wa aikin ga, ta ina za ka fara?"

Tukur ya gyara zama. Tun hantsi yake bayani har aka kira azahar. Rabin abin da ya faɗa Malam ya san shi a littafi, amma ya riƙa gyaɗa kai kamar yau ya fara ji. Kafin mu tashi aikin ya bar hannun Malam ya koma na Tukur. Da bakinsa ya sa ranar gayya, Asabar ta sama, ta haƙa ƙasa da yin tubali. Da bakinsa ya ce zai aika wa samarin Rawayau cewa na Ɗantutture sun ce za su ninka su, ya kuma aika wa na Ɗantutture da irin wannan saƙo. Na koma gida ina rawar kafaɗa, Fatu tana tambaya ko saniya na sayar.

Saura ruwa. Tubali ba ya yiwuwa sai ruwa, rijiyoyin gari kuwa sun ja baya, na sha ma da ƙyar. Sai an tona yashin rafi, rafin kuma da nisa daga gonata. Mai takarkaran da za su yi jigilar ruwa a salka mutum ɗaya ne a ƙasarmu, Ardo Ummaru, wanda rugarsa ke gefen burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi.

Ardo ya tare mu da fara'a, ya tambaye ni wace saniyar na zo kushewa yau don in saya da arha. Na ce yau ba saniya na zo gani ba, mai saniyar na zo gani, ko da yake shi ma ba wani kyau gare shi ba. Aka yi dariya, aka kawo nono a sabuwar ƙwarya. Magana tana tafiya yadda nake so, har Ardo ya fara cewa aikin alheri ba a ƙin sa. Ban taka ƙafar kowa ba. Sai kawai na ga Malam ya sa hannu cikin hularsa, ya zaro wani guntun fensir da ban san da shi ba, da 'yar takarda.

"Ardo, takarkarai nawa gare ka? Don in san salka nawa za a samu a yini."

Ma'aikacin gwamnati da fensir a hannu yana tambayar Bafulatani yawan shanunsa, wannan sunansa ɗaya, jangali, harajin shanu. Ardo ya dubi fensirin, ya dube ni. Ya ce ai shi ba shi da shanu, waɗanda muke gani na wasu baƙi ne masu wucewa. Wata tsohuwa ta zo ta ɗauke ƙwaryar nono ba mu gama sha ba. Washegari da safe ko kofato babu a rugar, an kora su can cikin dajin Ɗantutture.

A hanyar komawa na wanke shi tas. Na ce ni da na shekara ashirin ina sayar wa Ardo shanu ban taɓa bari ya ga idona yana ƙirga su ba. Ya ce shi lissafin aiki kawai yake so ya yi. Na ce to ga lissafi: saura kwana shida gayya, samarin gari biyu za su zo su tarar ba ruwa, Tukur zai ji kunya, kuma wanda ya kunyata Tukur ya gama gini a Tudun Gawo. Ya karya fensirin biyu ya jefar a cikin ƙaya.

Dole ta sa na bar shi, don ina da shanun fatake da zan kai kasuwar Dutsin-Ma, tafiya da dawowa kwana uku. Na ce ya zauna a Kurfi kada ya taɓa komai sai na dawo na lallashi Ardo. Da na dawo Fatu ta tare ni da labari tun a zaure. Ashe Malam bai zauna ba. Kullum in an tashi makaranta sai ya zo ya jingine kekensa a gidana, ya bi sawun shanu a ƙafa har inda Ardo ya koma, shi kaɗai. Ranar farko ba wanda ya shimfiɗa mashi tabarma, ya zauna a kan saiwar itace har la'asar. Ranar biyu aka ba shi ruwa. Ranar uku, in ji Fatu, ya dawo da ƙwaryar man shanu a hannu.

Da na gan shi ya ce Ardo zai zo ranar Asabar da takarkaransa duka. Na ce yaya aka yi.

"Abin da ka koya mani na yi, Baba. Na zauna na yi shiru."

"Shi me ya ce?"

"Maganar ruwa ya yi ta yi."

A nan ya kamata in ƙara tambaya. Ni da sana'ata karanta fuskar mai saye da mai sayarwa, murna ta rufe mani ido, na dafa kafaɗarsa na ce ubansa ya haifu.

Asabar ta zo. Rana ba ta gama fitowa ba muka ji ganga daga gabas, samarin Ɗantutture ne, magirbi da sangwami, kayan haƙa, a kafaɗa, suna tafe suna tsalle. Ba su ƙarasa ba na Rawayau suka ɓullo ta yamma da nasu makaɗan, suna yi wa na Ɗantutture ba'a cewa sun zo da wuri ne don su riga kowa fura. Mata suka jero da ƙore a ka. Zinariya ta taso tun daga Kurfi da 'yan uwanta masu fura. Liman ya zo, dagaci ya zo, Tukur yana ta kai da kawowa ya manta da gwiwarsa. Gonata ta cika maƙil, mutum ya fi ɗari biyu. Can gefe ga Ardo Ummaru da jama'arsa, takarkarai jere da salka a bayansu, sai dai sun tsaya a bakin hanya ba su shigo gonar ba. Ina tsaye ina duban inda rijiyata za ta zauna, gindin wata 'yar aduwa.

Sa'idu sarkin magina ya durƙusa ya ɗebi ƙasa, ya jiƙa, ya dunƙule a tafinsa, ya buɗe hannu. Ta wargaje. Ya matsa gaba ya sake, ta sake wargajewa. Ya miƙe ya ce wannan jigawa ce, gero take so ba gini ba. Jar ƙasar gini tana bakin burtali kusa da rafi. In a nan za a yi, sai an yi jigilar ƙasa an yi jigilar ruwa, kuma ba mako biyar ba, ko wata uku ba za a gama ba. Ganga ta tsaya. Kowa ya juya yana duban Malam.

Ya fito tsakiya, ba takarda ba komai. Ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya yadda na koya mashi. Ya ce akwai magana biyu da yake so jama'a su ji da kunnensu. Ta farko ta Ardo ce: kowane rani ana korar shanunsa daga rijiyoyin gari, su kuma shanu ƙishi ya sa su faɗa wa lambunan mutane, a yi ta rigima, kuma rijiya a bakin burtali za ta kashe wannan. Bai yi wa Ardo alkawarin komai ba, ya dai ce zai faɗa a gaban mutane, ga shi ya faɗa. Sai ya juyo wajena.

"Ta biyu, na yi wa Baba Labaran alkawari makaranta da rijiya a gonarsa za su zauna. Da hannuna na ba shi, ga Zinariya nan shaida. Duk wanda ya zo nan yau, shi ya nuna mani ƙofar gidansa. Ba ni da bakin warware alkawarin ga, ko da hedimastan zai wuce ni. Shi ke da baki."

Ya nemi wuri a ƙasa ya zauna, ya sunkuyar da kai.

Wallahi na so in yi dariya, na so in kai mashi duka. Cinikin da muka yi a rumfa mu uku, ga shi ya shanya shi a gaban gari uku. Na fara shirya amsa irin ta dillalai, wadda ba e ba ce ba a'a ba, don a tashi a sake zama. Ban buɗe baki ba babban makaɗin Rawayau ya ɗora gangarsa ya saki wani take. Takena ne na zamanin fatauci, wanda ake kaɗa mani in ayari ya sauka zango, rabona da shi shekara ashirin da wani abu. Maroƙi ya ɗaga murya:

"Labaran jagaban ayari, ba ka sha sai jakai sun sha."

Daga baya na ji Malam ne ya zauna da Fatu ya tambaye ta labarin tafiye-tafiyena, ita kuma ta zazzage mashi har da take. A lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani, Zinariya ta rangaɗa guɗa, tsofaffin da suka san ni da ƙuruciya suna gyaɗa kai, samari ɗari biyu sun zuba mani ido. A gayya, mutumin da aka kaɗa wa takensa ba ya komawa da baya. Ni na gaya wa Malam haka da bakina, kwana goma da suka wuce, lokacin da nake nuna mashi amfanin makaɗa.

Na fizge sangwami daga hannun wani saurayi na ɗaga sama.

"Me kuke jira? Ku biyo ni burtali."

Ƙasa ta ɗauka. Ganguna suka barke gaba ɗaya, ni a gaba da tsufana ina taku irin na jagaba, takarkaran Ardo suka juya suka bi mu, mata na guɗa a baya. Dagaci ya nuna fili a bakin burtali wanda ba na kowa ba, liman ya yi addu'a, ni na yi saran farko. Jar ƙasa ce kuwa, mai danƙo, kamar ka ci.

Na ga gayya a rayuwata, ta noma da ta gini, ban ga irin wannan ba. Tukur ya raba fili biyu, Rawayau dama, Ɗantutture hagu, mutanen Tudun Gawo a tsakiya suna zuba ciyawar kwaɓi. Takarkarai na zuwa rafi suna dawowa ba tsayawa. Samari sun tuɓe riguna sun faɗa cikin kwaɓi har gwiwa, suna tattakawa daidai da kiɗa, masu dunƙula tubali suna jerawa a rana layi layi. In Rawayau suka cika layi sai makaɗansu su je har gaban na Ɗantutture su yi masu kiɗan tsiya, su kuma su rama.

Ina lura da Malam. Sau ɗaya na ga ya nufi wani layi da ya karkace, hannunsa har ya ɗaga zai gyara, sai ya tsaya, ya juya ya ɗauki ƙwaryar fura ya kai wa mai layin. Yinin nan bai ba kowa umarni ba. In an tambaye shi abu ya ce a tambayi Sarkin Noma, ko a tambayi sarkin magina. Amma akwai abin da ya yi wanda ba ni na koya mashi ba, daga aji ya zo da shi. Mutum in ya faɗa mashi sunansa sau ɗaya, ya zauna. Kafin azahar yana bin layi yana kiran samari da sunansu da na ubanninsu, yana yi masu sannu, ba rajista ba fensir. Saurayin da malamin boko ya kira da sunan ubansa a gaban 'yan matan fura, ai sai ka riƙe shi kada ya kashe kansa da aiki. Farar rigar nan kuwa kafin la'asar ba ka bambanta ta da tubali.

Da rana ta yi sanyi Sa'idu ya zaga ya ce tubalin ya isa aji har da ofis. Aka tambayi Tukur wa ya ci, ya ce sai an sake karawa ranar ɗora azara, don ya san in ya faɗi wanda ya ci, ɗaya garin ba zai dawo ba.

Tubali ya sha rana kwana goma, magina suka hau. Kullum Malam na tashi daga aji a Kurfi ya taho, ya sauka a bakin gari ya turo kekensa. En'e ta aiko kafinta daga Dutsin-Ma, Obadiya, Kirista ne mutumin kudancin Zariya, a gidana aka sauke shi. Ya ce shi ba ya aiki Lahadi, Malam ya ce magina ma ba sa yi Juma'a, kowa ya riƙe ranarsa. Obadiya da ya ji labarin gayya bai sake kirana da sunana ba, sai Baba mai rijiya. Na ce ya ci gaba, tuwon gidana ne ke sa shi baki.

Bango ya kai, aka ɗora azara. Sai motar da ta ɗauko kwano ta lalace a hanya, ta kwana huɗu. Ranar da Malam Mahmuda ya sa ta zo Obadiya yana sama tun da safe, guduma na tashi kamar ana biki, amma rabin ɗaki kawai ya rufe. Bayan azahar iska ta juya. Muka ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ruwan fari ne, ya zo da wuri, bangon ƙasa kuwa sabo, ba yaɓe, rabinsa a buɗe. In ya sha ruwan nan zai zube kamar tuwon da bai nuna ba.

Malam ya dube ni, na dube shi. Ba lokacin goro, ba lokacin Sarkin Noma. Sai muka hango mutum yana gudu daga cikin gari da zana a ka. Bayansa wani, bayansa wasu. Dangar gidajensu suka kwance. Mata suka fito da tabarmi da asabari, mutanen Ardo suka taho da fatun shanu, Fatu ta zo da shimfiɗar ɗakin baƙina ba ta ko tambaye ni ba. Samari suka haye bango, ana miƙa masu suna rufewa, ana danne wa da itace da duwatsu, Obadiya yana ɗaurewa da igiya yana ihu a miƙo nan. Malam na can sama tare da su, iska na neman ɗauke shi. Ɗigon farko ya faɗo ana ɗora zana ta ƙarshe.

Cikin ruwan nan Malam Mahmuda ya iso a kan babur, jiƙe sharkaf. Ya shigo inda aka rufe, ya tarar da mu cunkushe, manoma da makiyaya da magina, ana ta dariya ana matse riguna. Ya tambaye ni wa ya kira mutanen nan. Na ce ba wanda ya kira su. Ya tambayi Tukur me ya fito da shi cikin ruwa da gwiwa mai ciwo, Tukur ya ce yo makarantarsa ce za ta zube. Malam Mahmuda ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi Malam Rabe.

"Sharaɗinmu rufi ne, Malam Rabe. Rabi na gani."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Rabi ne."

Bai kawo maganar mota ba, bai kawo ta kowa ba. Tukur ne ya matso.

"Rabi kwanonku, rabi zanarmu. Malam Mahmuda, taɓa bangon ka gaya mani inda ruwa ya shiga."

Malam Mahmuda ya naɗe hannun riga, ya bi bangon nan da tafinsa daga kusurwa zuwa kusurwa, mu duka muna bin sa da ido, ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano. Da ya kai ƙarshe ya duba tafinsa, ƙura ce busasshiya. Ya yi murmushi, ya ce a samo mashi wuri marar ɗiga zai yi rubutu. Ardo na jin an ambaci rubutu ya fara ja da baya wajen ƙofa, Malam ya riƙo hannunsa ya ce wannan karon shi ake rubutawa, ba shanu ba.

Bayan mako biyu takarda ta zo daga Dutsin-Ma. Malam Rabe ya zama hedimastan Tudun Gawo, ya shekara huɗu, aka ɗauke shi zuwa babbar firamare, malamai goma sha biyu a ƙarƙashinsa. An haƙa rijiya a bakin burtali da kaka, Ardo Ummaru ya daina yawon neman ruwa, rigimar lambu ta mutu. Tukur har ya rasu yana nuna wa baƙi makarantar da ya gina. Fatake kuwa ba su da kunya, inda ruwa yake nan suke sauka, cikin shekara biyu rabinsu suka koma gidan wani ƙanen Sa'idu da ke kallon rijiyar.

To riba dai ta Malam Rabe ce, da Ardo, da ƙanen Sa'idu da bai ɗaga ko tubali ɗaya ba. Hasara tawa ce ni kaɗai, kuma ni na zauna na koya wa yaron yadda zai yi mani ita.